Amsoshin Tambayoyinku: Larry Robinson, Ɗan Bayan Da Ya Ci Kofi A Matsayin Koci Ya Koma Mataimaki

Tambaya: Ni ɗalibi ne a birnin Montreal na ƙasar Kanada. Abokan karatuna sun ja ni kallon ƙwallon gora na kan ƙanƙara, sai na ga tutoci a rataye a rufin filin, kowace da suna da lamba. Wani dattijo da ke kusa da ni ya nuna mini mai lamba 19, ya ce wannan Larry Robinson ne, ba a taɓa yin ɗan baya kamarsa a garin ba, kuma sunansa ya hau kofi sau goma. Amma daga baya na ji an taɓa korar sa daga aikin koci, wani lokaci ma shi ya ajiye da kansa, har ya koma mataimaki a ƙungiyar da ya ciyo wa kofi. Don Allah mene ne aikin ɗan baya a wannan wasa, wane ne mutumin, kuma me zai sa babban koci ya yarda ya koma ƙarƙashin wani?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da sanyi. Dattijon nan bai shara maka ba a lissafin kofi. Sau goma aka zana sunan Larry Robinson a jikin Kofin Stanley, kofin zakarun gasar NHL, shida yana ɗan wasa, huɗu bayan ya rataye takalmi. Maganar ba a yi ɗan baya kamarsa ba kuwa, da akwai wanda ya girme shi a wurin da an yi gardama, don tsofaffin Montreal ba sa yarda a taɓa musu Doug Harvey, wanda ya yi tashe a shekarun 1950 ya karɓi kyautar Norris ta gwarzon ɗan baya har sau bakwai. Robinson sau biyu ya karɓa. Ka yi mini haƙuri in fara da abin da kai ka riga ka gani da idonka, saboda masu karatunmu na gida da ba su taɓa ganin wasan ba.

Filin daɓen ƙanƙara ne, tsawonsa kimanin mita 61, faɗinsa mita 26, an kewaye shi da katanga mai gilashi a sama. 'Yan wasa na sanye da takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa, da shi suke sulalawa. Abin da suke bi wani ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri, bai cika tafin hannu ba, nauyinsa wajen giram 170, kuma sai an daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. In gwani ya sheme shi da gora, gudunsa kan haura kilomita 150 a awa. Kowane ɓangare mutum shida ne: mai tsaron raga, 'yan gaba uku, 'yan baya biyu. Zango uku ake yi, kowane minti 20. Gudun da ake yi ba mai jure shi fiye da kamar minti guda a jere, shi ya sa ake canji wasa na tafiya, waɗannan su faɗa benci, waɗancan su tsallako katanga. Ƙungiya kan zo da 'yan baya shida, bibbiyu suke fita, kuma babbansu kan yi minti 25 ko fiye cikin sittin ɗin, abin da ɗan gaba ba ya cika yi.

Rabin aikin ɗan baya da baya-baya yake yin sa. Ɗan gaba ya taho da faifai a guje, shi kuma yana sulalawa da baya, idonsa a ƙirjin mai zuwa, domin hannu da faifai suna yaudara, ƙirji kuwa inda ya nufa can mai shi zai je. Duk sana'ar tana cikin tazarar da zai bari tsakaninsu. In ya ba shi fili da yawa, ya samu sararin harbi. In ya yi gaggawar kai masa cafka, a kewaye shi a bar shi yana karanta lambar riga. Saboda haka a hankali yake rage tazarar, gorarsa a shimfiɗe a gabansa, yana karkata mutumin zuwa gefe inda raga take ƙuntata masa. In sun isa katanga sai ya haɗa shi da ita da kafaɗa ko da ƙugu, doka ta yarda.

Ɗaya aikin ya fi wannan neman ƙarfin hali. Abokan hamayya kan wurga faifai can bayan raga su biyo shi. Dole ɗan baya ya juya musu baya ya je ya ɗauko, ya kuma san akwai ƙato mai kilo casa'in yana tafe zai maka shi da gilashi. Daƙiƙa ɗaya ko biyu gare shi ya waiga, ya ga inda mutanensa suke, ya ɗauka ya miƙa. Da wannan miƙawa ta farko masu sanin wasan suke auna ɗan baya. In ta fita sumul, ƙungiya ta tafi kai hari. In ta sauka a gorar abokin gaba, sai dai mai tsaron raga ya yi ta kansa. Sauran aikin, kwanciya a gaban harbi, da ture masu tsayawa a bakin raga, da tsayuwa a shuɗin layi ana aika harbi daga nesa in an kai hari, duk suna biyo bayan waɗannan biyun.

To, Robinson. An haife shi ranar 2 ga Yuni, 1951, a Winchester ta lardin Ontario, ya tashi a gonar shanun madara a wani ƙauye mai suna Marvelville. Da ɗan gaba ya fara, sai a ƙungiyar matasa aka mai da shi baya, kuma wannan ya yi masa rana, don ya zo bayan da hannun mai iya riƙe faifai. A can ƙungiyoyi ba sa sayen yara kai tsaye, zama ake yi kowace shekara ana zaɓar matasa bi da bi. A zaman 1971 Montreal Canadiens ta ɗauki Guy Lafleur a lamba ta ɗaya. Robinson sai a lamba ta 20, kuma shi ne mutum na huɗu da ƙungiyar ta zaɓa a ranar. Aka tura shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Nova Scotia Voyageurs ya ƙara gogewa, ya ci kofin wannan rukuni a 1972, sannan aka kira shi Montreal a Janairun 1973. Wata huɗu bayan haka ya ɗaga Kofin Stanley na farko.

Dogo ne, mita 1.93, ga gashi buzu-buzu, shi ya sa aka laƙaba masa Big Bird, sunan wani dogon tsuntsu na shirin yara a talabijin. Shi da Serge Savard da Guy Lapointe ake kira manyan uku, a bayansu Ken Dryden a raga, a benci kuma koci Scotty Bowman, mutumin da 'yan wasansa ba sa wasa da dariya da shi. Ka riƙe sunan Bowman, zai dawo.

A tsakiyar shekarun 1970 wasan ya kusa komawa dambe. Philadelphia Flyers ta ci kofi a 1974 da 1975 da salon tsoratarwa, a doki gwanin abokan hamayya har ya daina zuwa kusa da faifai. Ɗan dambensu Dave Schultz ya tara minti 472 na zaman hukunci a kaka ɗaya, har yau ba wanda ya kamo shi. Robinson ba mai neman faɗa ba ne, amma ya taɓa gwabzawa da Schultz a 1974 ya ba shi kashi, daga nan masu tsokana suka riƙa yi masa kallon nesa. Da ƙungiyoyin biyu suka haɗu a wasan ƙarshe na 1976, a karawa ta biyu a tsohon filin Forum, ya haɗa Gary Dornhoefer da katanga da ƙarfin da sai da aka tsayar da wasa aka kira ma'aikata suka gyara katangar. Montreal ta cinye wasanni huɗu a jere ta ɗauki kofi, don wanda ya fara cin huɗu shi ke ɗauka. Mutanen garin har gobe suna ganin a wannan mako aka ƙwato wasan daga hannun 'yan dambe, kuma ba su yi nisa da gaskiya ba.

Kaka ta gaba, 1976 zuwa 1977, ita ce ƙololuwa. Cikin wasa 80 Montreal ta ci 60, ta yi canjaras 12, sau takwas kacal aka doke ta, ɗaya tak a gida. Robinson ya zura ƙwallo 19, ya bayar aka ci 66, maki 85 ke nan, ya karɓi Norris ta farko. Akwai wani ma'auni da suke yi wanda ya fi nuna aikin ɗan baya. Duk lokacin da ƙungiyarka ta ci kana cikin fili a rubuta maka ɗaya, in an ci ku kana ciki a cire ɗaya, ban da ƙwallon da aka ci saboda an fi abokan hamayya yawa sakamakon hukunci. A waccan kaka ribarsa 120 ce. Bobby Orr kaɗai ya taɓa wuce haka, da 124. A tsawon wasansa ribar Robinson ta haura 700, ba wanda ya kai shi a tarihin gasar NHL, kuma bai taɓa rufe kaka da giɓi ba. Gaskiya ne wannan ma'auni yana son kai, wanda ke cikin ƙungiya mai ƙarfi yana cin albarkacin abokansa. Amma Savard da Lapointe da Lafleur ma a ƙungiyar suke, shi ne ya fi su.

Kofuna suka jeru, 1976, 1977, 1978, 1979. A na 1978 shi aka ba kyautar Conn Smythe ta gwarzon zagayen fitar da gwani, Norris ta biyu kuma a 1980. Daga nan manyan suka fara watsewa, Dryden ya yi ritaya, Bowman ya tafi, Savard da Lapointe suka bar gari. Shi ya zauna ya zama dattijon ɗaki. A 1986, yana da shekara 34, ya tara maki 82, ya ja yara irin su Chris Chelios da sabon mai tsaron raga Patrick Roy suka doke Calgary, kofi na shida. A nan aka fara lura cewa matasan 'yan baya da aka haɗa da shi sukan gyaru. Ba dogon jawabi yake yi musu ba, a filin atisaye yake ja yaro gefe ya nuna masa inda zai aje gora da inda zai sa ƙafa.

Wani abu da zai ba mutanen Katsina da Kaduna sha'awa: mayen ƙwallon dawaki ne. A kan doki ya karya ƙafa a bazarar 1987, ya rasa gasar Kofin Kanada ta wannan shekara da farkon kakar wasa. A 1989 ya koma Los Angeles Kings ya yi kaka uku tare da Wayne Gretzky, ya ajiye wasa a 1992. Jimilla wasa 1,384, ƙwallo 208, ya bayar aka ci 750. Kaka ashirin ya buga, kuma duk ashirin ɗin ƙungiyarsa ta shiga zagayen fitar da gwani. An shigar da shi zauren gwanaye na Toronto a 1995, tutar da ka gani kuma an ɗaga ta ranar 19 ga Nuwamba, 2007.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Kafin a fahimci abin da ya faru da shi, sai an raba aiki biyu da mutane ke haɗawa. A wannan wasa babban koci shi ke tsara salon ƙungiya, shi ke yanke wa zai buga wa zai zauna a sama da kwat yana kallo, shi ke fuskantar 'yan jarida bayan kowane wasa, shi manaja ke kira in an sha kashi sau uku a jere. Mataimaki mai kula da 'yan baya kuwa mutum shida ko bakwai ne a hannunsa. In ka koma kallo, ka dubi ƙarshen benci inda 'yan baya suke zama. Za ka ga mutum a tsaye a bayansu yana dafa kafaɗar biyun da za su fita, in wasu sun dawo suna haki ya sunkuya ya faɗa musu kalma biyu a kunne, wani lokaci ya nuna musu hoton kuskuren a ƙaramar kwamfutar hannu. Washegari shi ne zai tsaya da yaro bayan kowa ya watse, yana wurga masa faifai bayan raga sau talatin har waigen ya zame masa jiki. Na farko shugaba ne mai hukunci. Na biyu malami ne, kuma sau da yawa shi ɗan wasa ke kai wa kuka in babban koci ya ɓata masa rai.

Robinson ya fara da na biyun. A 1993 tsohon abokin wasansa a Montreal, Jacques Lemaire, ya karɓi New Jersey Devils ya kira shi ya riƙe masa baya. Lemaire ya zo da salon da ake kira tarko: mutum ɗaya ya je ya karkata mai ɗauke da faifai zuwa gefe, sauran huɗu su toshe tsakiyar fili, a jira kuskure a ƙwace a kai hari. Masu kallo da yawa sun tsane shi, sun ce ya kashe daɗin wasa, amma salo ne da ba ya tafiya sai da 'yan baya masu natsuwa. A hannun Robinson akwai Scott Stevens, ƙaƙƙarfa mai zafin kai, da Ken Daneyko, da wani yaro mai gudun tsiya, Scott Niedermayer. Stevens ya tara maki 78 a kakar 1993 zuwa 1994, bayan haka ya rage neman ci ya koma shi ake aikawa ya kashe gwanin kowace ƙungiya. Ba ƙaramin abu ba ne a shawo kan kyaftin kamar Stevens ya yarda lambobinsa su faɗi don ƙungiya ta ci, kuma maganar ta fi shiga in ta fito daga bakin wanda ya ɗaga kofi shida. A 1995 Devils ta kai wasan ƙarshe da Detroit, wadda kowa ya ba nasara, kocinta kuma Scotty Bowman. Almajiransa biyu suka cinye shi huɗu ba ko ɗaya.

Da ganin haka Los Angeles ta ba shi babban koci. Ya tarar da gida a hargitse. Tsohon mai ƙungiyar ya faɗa rikicin kuɗi, kuɗin sayen 'yan wasa ya ƙafe, a Fabrairun 1996 kuma aka sallama Gretzky ga St. Louis. Kaka huɗu ya yi, sau ɗaya ya kai su zagayen fitar da gwani, a 1998, nan ma aka fitar da su ba su ci ko wasa guda ba. A 1999 aka raba gari. Amma ka lura da abu ɗaya: a wannan 1998 ɗin ɗan bayansa Rob Blake ne ya karɓi Norris. Ƙungiyar ba ta tashi ba, ɗalibin ya tashi.

Ya koma New Jersey mataimaki. Ranar 23 ga Maris, 2000, saura wasa takwas a rufe kaka, ƙungiyar tana saman rukuninta amma ta fara tangal-tangal, babban manaja Lou Lamoriello ya kori koci Robbie Ftorek ya ce Robinson ya riƙe. Suka fitar da Florida, suka fitar da Toronto, a wasan da suka sallame ta ma harbi shida kacal Toronto ta iya kaiwa raga cikin minti sittin. Sai Philadelphia ta sha gabansu da ci uku da ɗaya, a jerin da wanda ya fara cin huɗu ke wucewa. Bayan wasa na huɗun ne Robinson, wanda 'yan wasa ba su saba jin muryarsa a sama ba, ya shiga ɗakin canza kaya ya yi musu kaca-kaca, har kwandon shara ya sha shuri. Suka cinye ukun da suka rage. A wasan ƙarshe suka doke Dallas, Jason Arnott ya ci ƙwallon kofi a ƙarin lokaci na biyu a karawa ta shida, Stevens ya karɓi Conn Smythe.

Ana yawan ba da labarin wannan faɗa a matsayin shaidar cewa ya iya shugabanci. Ni a ganina abin da ya nuna daban ne. Faɗan ya yi aiki ne saboda ba a saba ji daga gare shi ba, mutanen suka ji kunyar sun ɓata wa mai haƙuri rai. Irin wannan ba a yin sa kowane mako, babban koci kuwa yana bukatar 'yan wasa su riƙa shakkarsa kowane mako. Bowman haka ya rayu, bai damu a so shi ba, ya ci kofi tara a matsayin koci. Robinson ya yi wasa a ƙarƙashinsa, ya san hanyar, amma ba halinsa ba ce.

Duk da haka kada a rage masa. A kakar da ta biyo Devils ta tara maki 111, ta fi kowace ƙungiya zura ƙwallo, wato ya sassauta tarkon ya bar masu gudu su gudu. Suka sake kaiwa wasan ƙarshe na 2001, suna gaba da Colorado uku da biyu, kofi na cikin filinsu ana jira, sai suka sha kashi a wasa na shida da na bakwai. Kaka ta gaba ƙungiyar ta yi sanyi, a Janairun 2002 Lamoriello ya sallame shi. Makonni kaɗan bayan haka ya dawo benci ɗaya a matsayin mataimakin wanda ya gaje shi. A ƙwallon ƙafa da wuya ka ji an yi haka. Yana cikin masu horarwar ƙungiyar lokacin da ta sake cin kofi a 2003 a ƙarƙashin Pat Burns, karo na tara ke nan da sunansa ya hau kofi.

Karo na ƙarshe da ya hau babbar kujera shi ne 2005, bayan ciwon daji ya kwantar da Burns. Wannan karon kayan aikin sun tafi. Daneyko ya yi ritaya tun 2003, Stevens ya ajiye, Niedermayer ya koma Anaheim, gwanin 'yan gabansu Patrik Elias yana jinyar ciwon hanta, kuma gasar ta dawo daga rikicin albashin da ya cinye kaka guda da sababbin dokoki masu hana riƙo da tarewa. Ƙungiyar ta yi ta ci yau a ci ta gobe. Ranar 19 ga Disamba, 2005, ya ajiye aiki, ya faɗa a fili cewa damuwa da ciwon kai sun hana shi sakat, lafiyarsa ta fi masa. A wasan da ake yabon mutum don ya buga da karyayyen ƙashi, kuma a wancan zamani da ba a cika maganar damuwa a bainar jama'a ba, faɗin haka daga bakin wanda ya fasa katanga da mutum ba ƙaramin abu ba ne. Lamoriello ya sauko da kansa ya riƙe bencin har ƙarshen kaka.

Ba shi kaɗai ba ne gwanin da kujerar ta yi wa zafi. Maurice Richard, wanda ya fi kowa daraja a tarihin Montreal, wasa biyu ya yi yana kocin Quebec a 1972 ya ce ya gode. Gretzky ya horar da Phoenix kaka huɗu daga 2005 zuwa 2009 bai kai su zagayen fitar da gwani ko sau ɗaya ba. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne gwani ba ya iya koyar da abin da Allah ya ba shi kyauta, yana ganin fili yadda wasu ba sa gani, sai ya rasa dalilin da ya hana yaro gani. Wannan bayani bai hau kan Robinson ba. Shi na lamba 20 ne, an canza masa wuri yana matashi, ya yi zaman ƙaramar ƙungiya, abin da ya iya koyon sa ya yi, saboda haka ya san yadda ake warware shi gaɓa-gaɓa. Koyarwa ba ta taɓa gagarar sa ba. Abin da ya yi masa nauyi shi ne ya kira mutumin da yake so ya ce masa yau ba za ka buga ba, sannan ya kwana da abin a ransa. Malamin makaranta da aka mai da shugaba, aka raba shi da aji aka haɗa shi da takardu da ladabtar da abokan aiki, zai gane wannan.

Saboda haka komawa mataimaki ba faɗuwa ba ce a wurinsa, kuma a can ba a yi masa kallon wanda ya faɗi ba. Kuɗin ya ragu, amma aikin shi ne wanda ƙungiyoyi ke rububin ya zo ya yi musu. Ya ci gaba da zama a New Jersey har suka kai wasan ƙarshe na 2012, inda tsohuwar ƙungiyarsa Los Angeles ta doke su. A shekarar ya koma San Jose Sharks. Can ya tarar da Brent Burns, ƙato mai harbi kamar igwa wanda aka yi ta kai shi gaba ana dawo da shi baya don ba a yarda da tsaronsa ba. Daga 2014 aka zaunar da shi a baya, Robinson na cikin masu gyara masa tazara da riƙon gora. San Jose ta kai wasan ƙarshe a 2016, Burns ya karɓi Norris a 2017. In ka haɗa da Blake, da Niedermayer wanda ya karɓa a 2004, da Chelios da ya tashi a gefensa a Montreal, za ka ga inda Norris ɗin da shi bai tara ba suka tafi.

Suna na goma ya zo ne daga St. Louis Blues, wadda ta ɗauke shi a 2017 a matsayin babban mai ba da shawara. A Nuwamban 2018 aka kori kocinsu aka ba Craig Berube riƙon ƙwarya, sai aka roƙi Robinson, yana da shekara 67, ya sauko benci na ɗan lokaci ya taya shi da 'yan baya irin su Alex Pietrangelo da Colton Parayko. A farkon Janairun 2019 Blues ce ta ƙarshe a duk gasar. A watan Yuni ta doke Boston a wasa na bakwai a gidan Boston, ta ɗauki kofinta na farko tun kafa ta a 1967.